Gigin Tsufa da Tsohon Firgici: Yadda Ake Kula da Dattijon da Ya Taɓa Ganin Tashin Hankali

Gabatarwa

A ɗauki misalin wani gida a Tudun Wadar Zariya a daren sallah. Yara suna wasa a lungu, sai ɗayansu ya fasa abin wasan nan mai ƙara da ake kira nokawut. Nan take dattijon gidan, wanda ya kusa shekara 80, ya diro daga gado ya kwanta rubda ciki, yana ba da umurnin kowa ya kwanta, yana kiran sunayen waɗansu mutane da ba wanda ya san su a gidan. Wannan dattijo kuwa shi ne wanda ɗazu ya sha fura, bai daɗe ba ya ce tun safe ba a ba shi komai ba. Daga cikin iyalinsa wani ya ce iska ce, wani ya ce sammu ne, wata kuma ta ce tsufa ne kawai. Babbar 'yarsa ce kaɗai ta tuna cewa mahaifinsu ya yi yaƙin basasa, ko da yake bai taɓa ba su labarinsa ba.

Tambayar ita ce: yaya mutumin da ya manta da furar da ya sha ɗazu zai tuna da abin da ya faru fiye da shekara 50 da suka wuce, har ya ji kamar yanzu yake faruwa? Ilimin halittar ƙwaƙwalwa yana da amsa, kuma wanda ya fahimci amsar zai iya sauƙaƙa wa dattijon da iyalinsa wahala mai yawa.

Tarihin da dattawan Zariya ke ɗauke da shi

Zariya gari ne na soja tun zamanin Turawa. A nan ne Defo take, wato makarantar horar da kuratan soja da aka kafa a 1924. Sunan Barikin Chindit ma ya samo asali ne daga wata runduna da ta yi yaƙi a dazuzzukan Bama lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, wadda sojojin Nijeriya suka shiga cikinta a 1944. 'Yan mazan jiya na yaƙin Bama kusan duk sun riga mu gidan gaskiya, amma na yaƙin basasa suna nan. An fara wannan yaƙi a watan Yulin 1967, aka gama a Janairun 1970, kuma a cikin wannan ɗan lokaci yawan sojojin tarayya ya tashi daga wajen 10,000 zuwa wajen 250,000. Saurayin da ya shiga soja yana ɗan shekara 20 a 1967, a 1947 aka haife shi, wato yanzu yana cikin shekarun da gigin tsufa ya fi kama mutane.

Ba soja kaɗai ne ya ga tashin hankali ba. Mazauna Zariya sun ga tarzomar 1966, sun ga rikicin watan Maris na 1987 wanda ya faro daga Kafanchan, da na watan Mayun 1992 wanda ya biyo bayan rikicin Zangon Katab, da na bayan zaɓen Afrilun 2011, da kuma arangamar Disambar 2015. Bugu da ƙari, akwai tsofaffin da harin 'yan bindiga ya koro daga ƙauyukan Giwa da Birnin Gwari suka dawo hannun 'ya'yansu a cikin gari. Akwai kuma tashin hankalin da ba ya shiga jarida: gobara, haɗarin mota, doguwar naƙuda, mutuwar ɗa a hannun uwarsa, ko dukan da aka sha a gidan aure. Yawancin waɗanda suka ga irin waɗannan abubuwa sun haɗiye su ne, saboda al'ada ta koya musu cewa haƙuri da dauriya su ne mutunci.

Mene ne gigin tsufa?

Gigin tsufa, wanda wasu ke kira cutar mantuwa, lalacewar ƙwaƙwalwa ce da ke tafiya sannu a hankali har ta hana mutum tafiyar da al'amuransa na yau da kullum. Ya bambanta da mantuwar da kowane tsoho ke yi. Wanda ya manta inda ya ajiye carbinsa, daga baya ya tuna, lafiyarsa ƙalau. Amma wanda ya ɓata a hanyar masallacin da ya shekara 40 yana zuwa, ko ya kasa ƙirga canjin da aka ba shi, ko ya riƙa maimaita tambaya ɗaya sau goma, wannan yana bukatar a duba shi.

Ƙwaƙwalwar ɗan Adam tana ɗauke da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, masu aika wa juna saƙo. A 1906 wani likitan Jamus, Alois Alzheimer, ya ba da rahoton abin da ya gani a ƙwaƙwalwar wata mata da ta rasu bayan ta yi fama da mantuwa da ruɗewa: waɗansu dunƙule-dunƙule a tsakanin ƙwayoyin jijiya, da waɗansu zaruruwa da suka cukurkuɗe a cikinsu. Cutar da ke ɗauke da sunansa ita ce sanadin kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na gigin tsufa. Wani babban sanadin shi ne toshewar ƙananan hanyoyin jini na ƙwaƙwalwa, wanda hawan jini da ciwon suga ke jawowa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2021 mutum miliyan 57 ne ke da wannan larura a duniya, fiye da kashi 60 cikin 100 nasu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita. A Nijeriya, wani binciken haɗin gwiwa da aka buga a 1995 ya sami kashi 2.29 cikin 100 a tsakanin 'yan shekara 65 zuwa sama a Ibadan, alhali a tsakanin baƙaƙen fatar birnin Indiyanafolis na Amurka an sami kashi 8.24. A Zariya kuwa, likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da abokan aikinsu sun duba dattawa 322, suka buga sakamakon a 2011, inda suka sami kusan mutum 3 cikin 100. Adadin yana iya zama kamar kaɗan, amma a unguwa mai cunkoso irin Tudun Wada yana nufin gidaje masu yawa.

Dalilin da sabon abu ke riga tsoho gushewa

A cikin ƙwaƙwalwa, ta ɓangaren kowane kunne, akwai wani ɗan sashe mai lanƙwasa da ake kira hifokamfas. Aikinsa kamar na magatakarda ne: duk abin da ya faru yau, shi ke rubuta shi, sannan a hankali a mayar da rubutun zuwa ma'ajiya ta dindindin a ɓawon ƙwaƙwalwa. An gane haka sosai bayan 1953, lokacin da aka cire wa wani saurayi Ba'amurke, Henry Molaison, wannan sashe ta ɓangarorin biyu don maganin farfaɗiya. Ya ci gaba da tuna ƙuruciyarsa, amma har ya rasu a 2008 bai sake iya riƙe sabon labari ba.

Cutar Alzheimer takan fara ɓarnarta ne daga hifokamfas da kewayensa. Magatakarda ya daina rubutu, amma tsofaffin takardu suna nan a ma'ajiya. Tun a 1881 wani masani Bafaranshe, Théodule Ribot, ya lura cewa mantuwa tana cin abin da ya faru kwanan nan kafin ta kai ga na da. Wannan shi ya sa tsohuwa ke neman mahaifiyarta da ta daɗe da rasuwa, ko ta ɗaure kayanta da yamma ta ce za ta koma gida alhali tana cikin ɗakinta. Haka kuma, wanda ya koyi Hausa da girmansa yana iya komawa ga harshen da ya sha a nono. A Tudun Wada, unguwar da tun asali baƙi ne daga sassa daban-daban suka kafa ta, ba abin mamaki ba ne a ji kaka ta koma Nufanci ko Fulatanci ko Barbarci, jikokinta kuma ba sa ji.

Inda tsoro yake kwana

Dab da hifokamfas akwai wani ɗan ƙullutu da bai wuce girman ƙwayar gyaɗa babba ba, ana kiransa amigdala. Shi ne mai gadin jiki. Da zarar ido ko kunne ko hanci ya kawo alamar haɗari, sai ya buga ƙararrawa: sinadarin adirenalin ya kwarara cikin jini, zuciya ta ƙara bugu, numfashi ya yi sauri, jiki ya shirya wa gudu ko faɗa. Duk wannan yana faruwa ne kafin tunani ya gama tantance abin da ke nan. Amigdala yakan riƙe ƙara da wari da siffar da suka zo tare da haɗari, kuma ba ya saurin sakin su.

A mutum mai lafiya, sashen gaba na ƙwaƙwalwa, wanda ke bayan goshi, shi ne linzami. Shi ke cewa wannan ƙarar wasan yara ce, a kwantar da hankali. Hifokamfas kuma shi ke tunatar da mutum wuri da lokaci, cewa nan Tudun Wada ce, yaƙi kuma ya daɗe da ƙarewa. Da waɗannan biyu ne, tare da aiki da ibada da hidimar iyali, mutum ke danne tsohon firgici shekara da shekaru. Idan gigin tsufa ya raunana su, sai linzami ya tsinke, kalandar cikin kai ta ɓace, a bar mai gadi yana buga ƙararrawa ba mai tsawata masa. Dattijon da ya kwanta rubda ciki ba tuna yaƙi yake yi ba. A wurinsa yaƙin ne ake yi a wannan lokaci.

Akwai hujjar cewa tsoro yana wanzuwa ko da labarinsa ya ɓace. A 1911 wani likita ɗan ƙasar Suwizalan, Édouard Claparède, ya ba da labarin wata majinyaciya da ba ta iya tuna shi ko da minti kaɗan ne da rabuwarsu. Wata rana ya ɓoye allura a tafin hannunsa, ya gaisa da ita, allurar ta soke ta. Da ya sake miƙa mata hannu daga baya sai ta ƙi karɓa, alhali ba ta tuna abin da ya faru ba. A 2014 masu bincike a Jami'ar Iowa ta Amurka sun nuna wa masu cutar Alzheimer su 17 finafinai na baƙin ciki da na ban dariya. Bayan ɗan lokaci da yawansu sun manta abin da suka kalla, amma baƙin cikin ko farin cikin ya ci gaba da kasancewa tare da su har zuwa rabin awa. Wannan bincike yana da fuska biyu. Tsawar da aka daka wa tsoho za ta bar masa ɗaci bayan ya manta wanda ya yi ta, haka kuma ziyara da fara'a za su bar masa sanyi bayan ya manta wanda ya zo.

Shin firgici yana jawo gigin tsufa?

Likitoci sun ba ciwon firgicin da ke biyo bayan tashin hankali suna a hukumance a 1980, bayan abin da suka gani a jikin sojojin Amurka da suka dawo daga Biyetnam. Alamominsa sun haɗa da mugun mafarki, da razana, da gudun duk abin da ke tuna wa mutum abin da ya faru. A 2010 Kristine Yaffe da abokan aikinta sun buga binciken da suka yi a kan tsofaffin sojojin Amurka fiye da 180,000. A cikin shekara 7, kashi 10.6 cikin 100 na masu ciwon firgici sun kamu da gigin tsufa, a inda sauran kuwa kashi 6.6 ne. Masana suna danganta wannan da abubuwa da dama, kamar yawan sinadarin kotizol da ke fita lokacin damuwa, da rashin barci, da hawan jini, da buguwar kai, da shaye-shaye. Amma ya kamata ɗalibin kimiyya ya lura: zuwan abu biyu tare ba ya tabbatar da cewa ɗaya ne ya haifi ɗaya. Kuma ko a wannan bincike, kusan mutum 9 cikin 10 na masu ciwon firgicin ba su kamu ba.

Darasi daga wata ƙasa

Waɗanda suka fi nazarin wannan matsala su ne masu kula da Yahudawan da suka tsira daga sansanonin Hitila. Cibiyar Baycrest da ke Toronto ta ƙasar Kanada ta fitar da littafin jagora a kan haka a 2003. Ma'aikatanta sun lura cewa abubuwan da kowa ke ɗauka ba komai ba ne, kamar ɗakin wanka, da kayan sarki, da allura, da haushin kare, da kulle ƙofa, suna tayar wa waɗannan tsofaffi da hankali ƙwarai, kuma da yawansu suna ɓoye burodi a ƙarƙashin matashin kai saboda yunwar da suka sha a ƙuruciya. Darasin shi ne, kowane hali yana da tushe a tarihin mai shi. A Zariya abubuwan da ke tayar da tsohon firgici za su iya zama bindigogin hawan sallah, ko ƙarar jiragen Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama, ko jiniya, ko warin tayar da aka ƙona, ko gudun jama'a a titi, ko labarin hari a rediyo.

Yadda za a kula da shi

Na farko, a san tarihinsa. A tambayi matarsa da ƙannensa da abokansa tun suna raye: ina ya zauna, me ya gani, wa ya rasa? Amma kada a tilasta masa shi kansa ya ba da labarin, domin tono ciwon ga wanda ba zai iya sake rufe shi ba cutarwa ce.

Na biyu, a riƙa rubutawa. A sami ɗan littafi, duk lokacin da ya firgita a rubuta lokaci, da wanda ke wurin, da abin da aka ji ko aka gani kafin nan. Cikin makonni kaɗan za a ga abin da ke maimaituwa, sai a kauce masa ko a shirya masa. Alal misali, a daren sallah a mayar da shi ɗakin da ke nesa da titi, wani ya zauna tare da shi.

Na uku, kada a yi gardama da shi. Faɗa masa cewa yaƙi ya ƙare tun 1970 ba zai shiga ba, domin sashen da zai karɓi wannan bayani shi ne ya lalace. A amsa wa tsoron, a bar labarin. A zo masa ta gaba inda zai ga mai zuwa, a rusuna, a sassauta murya, a ce: "Baba, ni ce Hajara, 'yarka. Kana gida. Ga ni tare da kai, ba abin da zai same ka." Idan jika ne, wasan da ke tsakanin jika da kaka yakan yi amfani bayan hankali ya fara kwanciya. Hausawa sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, binciken Iowa kuma ya gaskata su.

Na huɗu, kada a taɓa shi ba sanarwa, musamman wajen wanka da sauya tufafi. A faɗa masa abin da za a yi kafin a yi, a rufe masa jiki da zane, namiji ya yi wa namiji, mace ta yi wa mace. Ga wadda aka taɓa ci wa zarafi, tuɓe ta da ƙarfi maimaita mata abin ne.

Na biyar, kada a ɗaure shi, kada a kulle shi shi kaɗai a ɗaki. Ga wanda aka taɓa tsarewa, mari da kwaɗo su ne ainihin abin da yake gudu. Maimakon haka a sanar da maƙwabta da masu shagunan unguwa da limamin masallaci halin da yake ciki, a kuma sa takarda mai ɗauke da sunan unguwa da lambar wayar ɗansa a aljihunsa.

Na shida, a tsare masa tsarin yini. Lokutan salla, da abinci a kan kari, da zama a zaure, da karatun da ya haddace tun yana yaro, duk suna riƙe shi, domin abin da aka koya da wuri aka kuma maimaita shi ne ke jimawa. Ruɗewa takan ƙaru da faɗuwar rana, don haka a kunna fitila tun kafin magariba. Idan yana ɓoye abinci, a bar masa abin da ba ya lalacewa, kamar dabino ko ƙuli-ƙuli.

Lokacin zuwa asibiti

Gigin tsufa a hankali yake tafiya, cikin watanni da shekaru. Idan tsoho ya ruɗe farat ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu, to a nemi wani dalili: zazzaɓin cizon sauro, ciwon mafitsara, ciwon huhu, ƙarancin ruwa a jiki, hawa ko faɗuwar suga, ko wani sabon magani. Wannan na gaggawa ne, kuma galibi ana warkewa. Akwai sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, wanda babban mazauninsa ya koma Shika a 2005, akwai kuma Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa a Kaduna. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: a faɗa wa likita tarihin majinyacin duka, a kuma tafi da ɗan littafin nan.

Har yanzu babu maganin da ke warkar da cutar Alzheimer, sai dai masu rage alamominta na ɗan lokaci. A guji sayen maganin barci a kemis don a kwantar da tsoho, domin yana ƙara ruɗewa da faɗuwa. A 2005 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗin cewa wani rukunin magungunan taɓin hankali yana ƙara haɗarin mutuwa ga masu gigin tsufa. A ɓangaren rigakafi kuwa, kwamitin masana na mujallar Lancet ya bayyana a 2024 cewa abubuwa 14 da za a iya magancewa, ciki har da hawan jini, ciwon suga, raunin ji, shan taba, kaɗaici da ƙarancin ilimi, suna da hannu a kusan kashi 45 cikin 100 na masu kamuwa.

Mai jinya ma mutum ne

A yawancin gidaje nauyin jinya yana kan mace ɗaya, mata ko 'ya ko suruka. Ita ke kwana ba barci, ita kuma tsohon ke zargi da sata idan ya manta inda ya ajiye kuɗinsa. Wajibi ne 'yan uwa su raba kwanaki da ɗawainiya, su kuma fahimci cewa zargin alamar ciwo ce. Haka nan, tsohuwar da aka tsinta tana yawo da dare tana sambatu ba mayya ba ce, majinyaciya ce da ta ɓata hanya. Alƙur'ani mai girma, a Suratun Nahli aya ta 70, ya ambaci matakin tsufa da sani ke gushewa a cikinsa, Suratul Isra'i kuma ta hana ko da nuna ƙosawa ga iyayen da suka tsufa. Addu'a da asibiti ba sa karo da juna.

Kammalawa

Gigin tsufa yana ɗauke labarin yau, ya raunana linzamin hankali, ya bar tsohon tsoro a fili. Amma hanyar da tsoro ke bi ya wanzu, ita ce kuma natsuwa ke bi ta wanzu. Ɗalibin sakandare yana da rawar da zai taka: shi ne zai iya riƙe littafin lura, ya zauna da kakansa da yamma, ya kuma hana yaran unguwa tsokanar tsoho. Malamai kuma za su iya sa ɗalibai su rubuta tarihin kakanninsu tun suna iya bayarwa da bakinsu, gwargwadon abin da suka yarda su faɗa. Wata rana wannan rubutu shi ne zai bayyana wa iyali abin da ya sa Baba ke kwanciya ƙasa idan ya ji ƙara, ya kuma nuna musu kalmar da za su faɗa masa ya tashi.